Auren da Na Ƙirƙira a Kan Dardumar Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'ar farkon Muharram ba, ranar da na aurar da kaina da bakina a gaban mata kusan talatin, ba ango, ba waliyyi, ba ko ƙwayar goro.

Lokacin watana goma sha ɗaya a Riyad, ina aikin nas a wani asibiti da ke wajen Shumaisi. Mu biyu ne a ɗakin da aka ba mu a gidan ma'aikata, ni da wata 'yar Filifin, mutuniyar kirki, amma aikinmu ya saɓa, idan na dawo ita ta fita, don haka abin da na fi sani game da ita shi ne takalmanta. Hausa kuwa sai a waya nake yin ta, ranar hutu, ni da Ummata a Zariya. Har ta kai ina yi wa tukunya magana idan ina girki (kuma wallahi nakan ɗan saurara ko za ta amsa). Tun rungumar da Umma ta yi min a filin jirgin Kano hannun mutum bai sake taɓa jikina ba, sai dai ni in taɓa marasa lafiya, shi ma da safar hannu. Kaɗaici ya ci ni sosai. Amma duk sanda Umma ta tambaya, amsata ɗaya ce: "Lafiya lau, Saudiyya daɗi."

Wata rana a cikin lif na buge gwiwar hannu na ce "Wash!", sai wata babbar nas ta juyo ta ce, "Ke, Bahaushiya ce?" Ita ce Anti Rabi, 'yar Katsina, ta daɗe a asibitin. Ita ta ba ni labarin zaman da matan Hausawa suke yi duk wata a gidan Malama Hajara a unguwar Naseem, a yi karatu, a yi addu'a, a ci tuwo. Ta ce na sabuwar shekara shi ne babba, kamar cika-cikin gida, in shirya mu je tare. Ranar na zuwa aka canja mata aiki, sai ta turo min kwatance ta ce, "Ki shiga kawai, ki ce ni na turo ki." Abu ɗaya ta manta ba ta gaya min ba, shi ne batun darduma.

Ni kuwa na yi shiri kamar mai zuwa gaishe da surukai. Tun ana saura kwana uku na je kasuwar Dira na sayi mayafi da turare, na fito da atamfar da ba ta taɓa ganin rana ba tun zuwana, na sa a ƙarƙashin abaya. Mai tasi ya yi ta zagaye da ni a Naseem, gidajen duk kala ɗaya, ban isa ba sai bayan la'asar, an yi nisa da karatu.

Falon cike yake, mata sun jeru a jikin bango kafaɗa da kafaɗa, ba masaka tsinke. Amma a tsakiya ga wata koriyar darduma mai laushi da matasai huɗu, mata uku a kai, ɗaya ba kowa, kuma daidai inda sanyin esi ke sauka. Na ce a raina, Allah sarki 'yan uwa, har sun tanadar wa baƙuwa wuri. Na tsallake ƙafafun mutane na je na yi zamana, har da gyara matashi. Na ga ana kallona, na ɗauka atamfar ce take aikinta, na bi kowa da murmushi.

Sai da aka shafa addu'a na fara fahimtar inda na jefa kaina. Ashe a zaman shekara, dardumar nan ta matan da suka haye wani babban abu ce a shekarar da ta wuce. Malama takan bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi abin da Allah ya haye da ita, a sa mata lalle a tafin hannu, a turara ta da turaren wuta, Malama ta ɗora hannu a kanta, ɗakin duka ya yi mata addu'a da sunanta. Ta farko Inna Asabe ce, dattijuwa, ba ta daɗe da fita takaba ba, mijinta direba ne shekara da shekaru, a nan Riyad aka binne shi. Ta biyu mai jego ce da ta gama arba'in. Ta uku tsohuwa ce da ta sauke Alƙur'ani da furfurarta. Matashi na huɗu kuwa na wata ce da ta yi aikin Hajjinta na farko, tana kicin tana kwashe tuwo (na gan ta daga baya a bakin ƙofa da mara a hannu, tana kallon matashinta da ni a kai).

Da ina da hankali, nan zan miƙe in ce a gafarce ni, baƙuwa ce. Da an yi dariya an wuce wurin. Amma na ga yadda Malama ta ɗora tafinta a kan Inna Asabe, na ji mata talatin sun ce amin da murya ɗaya, sai wani kwaɗayi ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba. So nake hannun nan ya sauka a kaina ni ma, ko na minti ɗaya ne. Na ƙi tashi.

Malama ta iso gabana da kwanon lalle, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baiwar Allah, ban gane fuskar ba. Ke kuma me Allah ya haye da ke a bana?"

Na lalubi shekarar tawa kaf. An sabunta min igama, wato takardar izinin zama, na ƙara ƙiba, na koyi cewa "yalla". Ba wanda ya cancanci lalle a ciki. Sai kawai na ji bakina ya ce, "An sa min rana."

Guɗar da aka rangaɗa sai da jaririyar mai jegon ta farka. "Mabruk! Masha Allah!" ta ko'ina. Wata ta rungume ni ta baya, wata ta cusa kaskon turare a ƙarƙashin mayafina har ina tari. Kuma in faɗa muku gaskiya, daɗi na ji, har na fara yarda da kaina. Aka tambayi ango, na ce injiniya ne (tunda ƙirƙira ce, me zai sa in yi wa kaina rowa?).

Sai wata hajiya mai haƙorin Makka, Hajiya Turai, ta matso ta ce, "'Yata, ke 'yar ina ce?" Na ce Zariya, Tudun Wada. Ta ce gidan wa? Na faɗi sunan mahaifina da na Umma, don a nan dai ban ga abin ɓoyewa ba. Ta dafe ƙirji. "Mairo? Ke 'yar Mairo ce? Ajinmu ɗaya a Islamiyya! Amma Mairo ta ci amanata, shekaranjiya muka yi waya ba ta ce min komai ba. Bari ki ga."

Kafin in ce a'a, ta danna kiran bidiyo ta ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani. Na roƙi Allah ya sa ba sabis a Zariya. Ranar sabis ya fi na kullum kyau.

Fuskar Umma ta bayyana, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Hajiya Turai ta ce, "Mairo, an sa wa 'yarki rana shi ne kike ɓoye min?"

Umma ta ajiye faifan. Ta ce, "Turai, wace 'yar tawa? Ni dai 'ya'yana mata biyu ne, ɗaya tana ɗakin mijinta." Aka juyo da wayar kaina, ga ni a tsakiyar darduma hayaƙi na fita ta wuyan rigata. Umma ta dube ni ta ce, "Ke, su wa suka sa ranar? Mu da muka haife ki ba mu ga kowa ba."

Duk idanun ɗakin suka dawo kaina. Na so ƙasa ta tsage, amma dardumar mai kauri ce. Na buɗe baki in gyara ƙaryar, sai kuka ya riga ni. Na ce, "Ba a sa min komai ba. Ba abin da ya same ni a bana. Wata goma sha ɗaya ni kaɗai nake cin abinci, ba mai ce min sannu da Hausa. Na ga ana yi musu addu'a ne, ni ma na so a yi min."

Na manta Umma tana kan waya. Muryarta ce ta fara fitowa, a hankali: "Shi ne kullum kike ce min lafiya lau?" Wannan tambayar ta fi duk idanun ɗakin yi min nauyi.

Na yunƙura zan tashi, sai Inna Asabe ta riƙe min zani. Ta ce, "Zauna, 'yar nan. Ni wata huɗu da kwana goma na yi a ɗaki, kullum mutane na shigowa, amma sai da na ji kamar zan haukace. Ke wata goma sha ɗaya ba mai leƙo ki. Malama, sa mata lallen, ta haye." Ta matsa, ta raba matashinta da ni, mai Hajji ta karɓi nata. Malama ta ɗora hannunta a kaina, hannun yana da ɗumi yana ƙanshin lalle, aka yi min addu'a da sunana. Ta cikin waya na ji Umma tana cewa, "Turai, ga ta nan, amana ce."

Yau shekara uku ke nan, ba na fashin zaman, kuma ba mai kirana da sunana na gaskiya a gidan Malama. Da na yi sallama za a ce, "Amarya ta iso, ina injiniya?" Injiniya dai har yanzu bai bayyana ba. Abin da na koya shi ne, in ka ga wuri mai kyau ba kowa a taron mata, tambayi mai shi, kuma kada ka yi ƙarya a ɗakin da akwai Bazazzagiya mai data. Umma kuwa tun daga ranar, idan na ce mata lafiya lau, sai ta ce, "To, na ji. Yanzu gaya min gaskiya."