Gashin Aku a Gwangwanin Madara

Ba zan taɓa mantawa da jar wutsiyar nan ba. Ita na fara hangowa tana leƙowa ta ƙarƙashin tsumman da aka rufe keji da shi, tun kafin in ga mai ɗauke da kejin. Ina zaune a tsakar gidanmu na Mandawari ina tsintar shinkafa, littafin soyayya ɓoye a ƙarƙashin faranti, sai ga Yaya Nasiru, ɗan Gwaggona ta Madabo, ya yi sallama ya shigo da aku a hannu.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce. Fastocin 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon unguwa ba, wani sabon ɗan majalisa ya ɗauki Yaya Nasiru zai tafi da shi Abuja ya riƙa yi masa aikin ofis. Ya durƙusa ya gaida Kaka da Inna, ya yi musu wani dogon bayani da ban saurara ba (ina can ina kallon yadda hula ta zauna a kan sumarsa), sannan ya juyo ya ce, "Auta, ke ce ba ki da aikin yi, ga amana nan."

Amana fa ya ce. A lokacin na karance duk littafin da ke shagon haya na bakin layinmu, kuma a cikinsu babu saurayin kirki da ke fitowa fili ya ce yana so. Zobe yake bari, ko hankici, sai ya ambaci amana ya juya da sauri don kada a ga hawayensa. Yaya Nasiru ma da sauri ya juya. (Daga baya na ji ashe mota ce ke jiransa a bakin titi.) Maganar rashin aikin yi kuwa, kunnena bai ɗauke ta ba sam.

Kwanakin farko akun ya takure a lungun keji, ko gyaɗa ba ya karɓa sai na kau da kai. Can sai ya fara wani abu da ya tsinka mini zuciya. Zai kama gashin fiffikensa da baki tun daga tushe ya ja shi har ƙarshe, ya saki, ya kama na kusa da shi. Zai murɗa wuya ya cusa baki a gindin wutsiya, ya dawo yana goga kai a jikinsa. In ya gama sai ya girgije, wata farar ƙura kamar hoda ta tashi, ƙananan gasu su zubo ƙasa. Haka zai wuni. Na ce shi ke nan, bawan Allah yana yagar kansa saboda kewar ubangidansa. Ga kuma tari. Wani busasshen tari yake yi, irin na manyan mata, mai ƙarewa da ɗan nishi. Ni kuwa na san tari: a littafi daga shi sai ciwon zuciya, daga nan sai gadon asibiti da likita yana girgiza kai.

Na samo gwangwanin madara na wanke, na riƙa tsince duk gashin da ya faɗi ina adanawa. Shaida nake tarawa.

Sai kuma kunya ta kama ni. Tsuntsu yana wannan hali, ni da aka bar wa amana ina cin tuwo har da ƙari? Na rage cin abinci (a gaban mutane dai, ƙanzon tukunya ya san gaskiya). Na koyi ajiyar zuciya. Da azumi ya kama, aka ce Yaya Nasiru zai zo sallah, sai na yanke shawara mafi girma: na tsefe kaina na ƙi yin kitso. Jarumar littafi ba ta kwalliya in masoyi ba ya gari. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta ce in na ga dama in yi sallah da kai kamar sheƙar angulu. 'Yan matan layinmu suna layi a gidan mai kitso, ni ina gindin keji ina kallon sama.

A kwanakin ne akun ya fara hawa kafaɗata. Zai sa baki a hankali ya kamo silin gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali, ya ja shi har ƙarshe, ya saki, ya kamo wani, yana wani ɗan gurnani. Na zauna kamar gunki, hawaye na zuba. Na tabbata saƙo ne. Wa zai koya wa tsuntsu shafa gashin mace in ba mai tsuntsun ba?

Ranar sallah gidanmu ya cika da dangi masu zuwa gaida Kaka, har da Gwaggo. Na yi ta fakon Yaya Nasiru sai da ya zagaya bayan rumfa wajen keji shi kaɗai. Na bi shi da gwangwanina, na sunkuyar da kai, na faɗi jimlar da na yi wata guda ina bita: "Yaya, ga shaidar halin da muka shiga bayan tafiyarka, ni da shi."

Ya buɗe. Fuskarsa ta washe. Na ce yanzu zai juya don ɓoye hawaye. Ya kuwa juya, amma tsakar gida ya nufa da gwangwanin a sama, yana kiran mahaifiyarsa ta zo ta ga ikon Allah. A gaban kowa ya zazzage gashin a tabarma, ya maimaita jimlata kalma ba ta ɓata ba, sannan ya shiga yabona da zuciya ɗaya. Wai aku ba ya tsayawa gyaran gashi sai inda hankalinsa ya kwanta. Wanka ne da shafa mai irin nasu, man ma a gindin wutsiya yake ɗebowa. Waɗannan tsofaffin gasu ne da suka zube sababbi suka fito. Da damuwa ce ke cinsa, da ƙirjinsa ya koma kamar na figaggiyar kaza, ga shi kuwa sumul, har ƙiba ya yi. A taƙaice tsuntsun nan ko sau ɗaya bai yi kewarsa ba.

Da ƙaramar murya na ce to tarin fa? Kamar jira yake, akun ya saki tarin nan daga bayan rumfa. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce wannan ai nata ne. Farar ƙurar jikinsa ce ta hana ta numfashi, shi ya sa ta ce a fitar mata da shi daga gida. Bayanin da aka yi wa Inna ke nan ranar da nake kallon hula.

Da na yi shiru a nan, da na tsira da sauran mutunci. Amma jaruma ba ta ja da baya. Na ce ai har gashina yake shafawa. Yaya Nasiru ya ce haka suke yi wa 'yan uwansu, su gyara musu inda ya hargitse. Kaka ta miƙo sandarta ta ɗage gefen ɗankwalina, ta leƙa, ta mayar.

"Allah Ya yi wa tsuntsun nan albarka," in ji ta. "Shi kaɗai ya yi ƙoƙari a gidan nan."

Har 'yan soro sai da suka aiko a ji me ake wa dariya. Kuma ku tuna, shi ɗan mace ne ni 'yar namiji, taubasai ke nan, yana da ikon tsokanata har ƙarshen rayuwa babu mai ce masa ya bari. Kafin la'asar ina gaban mai kitso, ba wanda ya aike ni.

Abin da na koya bai da yawa. In na ga wani ya duƙufa yana gyara jikinsa, na daina ɗauka da ni yake. Sannan in ana bayani, ina sauraro, ko da mai bayanin ya iya sa hula.

Akun yana nan tare da ni a gidan aurena, ya girmi duk 'ya'yana, har yau da tarin Gwaggo a bakinsa. Yaya Nasiru kuwa Abuja ba ta riƙe shi ba, ya dawo yana sayar da shadda a kasuwa, ya ajiye tumbi, sumar nan ta tafi gaba ɗaya. Duk sallah sai ya zo, kuma tun daga ƙofa yake tambayar yaya halin da muka shiga. Bara ya cire hula yana fifita saboda zafi, akun ya hau kafaɗarsa, ya karkata kai ya duba ta dama, ya duba ta hagu. Bai sami abin kamawa ba. Ya sauko ya dawo wurina.