Jitata da Shinkafar Maman Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Hanatu ba, ko da na so in manta ma 'yan gidanmu ba za su bar ni ba.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo sai cika take da baƙi da sababbin ofisoshi, ni kuma ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata. Sa'o'ina kowa burinsa babur, ni kuwa ciwona jita. Ɗakina a unguwar Turaki ko kujera babu, amma jita biyar ne rataye a bango. Akwai ta akwati marar lantarki da wani tsohon fasto ya bar mini, akwai wadda na karɓo da karyayyen wuya a hannun wani direba mai zuwa Kamaru na ɗaure ta da kusa da gam. (Biyu daga cikinsu ba sa fitar da sautin kirki, amma da ka faɗi haka a gabana sai mu ɓata.)

Ta shidan ita ce abin alfaharina, don ta lantarki ce kuma da hannuna na ƙera ta. Katakon maɗaci na samo a ƙauyen Kona, na yi ta gurza har tafin hannuna ya yi kanta. Mayen ƙarfe na ciro daga matacciyar rediyo, na naɗe shi da siririyar wayar tagulla ta ƙonanniyar fanka, shi ke ɗaukar kukan tsirkiya ya kai wa lasifika. Ranar da na jona ta na ji ta yi "tiiin", wallahi tsalle na yi har na buga kai da rufin ɗaki. Na shafe ta da jan fenti, na raɗa mata suna Gimbiya.

To ga matsalar. Ina son Rifkatu, ƙanwar Hanatu, ita ma tana sona. Amma mahaifiyarsu, wadda duk unguwa ke kira Mama, ko kallona ba ta son yi. Mama mai sayar da abinci ce, kuma a duniya ba abin da take taƙama da shi kamar tukunyarta. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Rifkatu ta gaya mini abin da take cewa a bayan idona: "Wannan mai kiɗa ne za ki aura? Katako ne za ki ci?"

Da aka sa ranar bikin Hanatu, aka ce samarin cocinmu ne za su yi kiɗa, sai na ce alhamdulillahi, ga dama ta samu. Na tsara komai a kaina: ana tsakiyar cin abinci zan sauko daga inda makaɗa suke, in ratsa jama'a ina kiɗa, in je gaban Mama in durƙusa in kaɗa mata waƙar yabonta da na shirya. Wace uwa ce zuciyarta ba za ta narke ba?

Abu ɗaya ya rage. Wayar jita ta gaske, mai rufi a ciki, gajera ce, ba za ta kai ni ko rabin fili ba. Na tafi kasuwa na sayo wayar ƙwan fitila, doguwa har ta isa shanyar unguwa guda, na ɗaura na liƙe da baƙin salatif. Na gwada a ɗaki tana naɗe a ƙasa, na ji wani ɗan "shuuu" a lasifika. Na ce wannan ai ƙarfi ne ya yi mata yawa. (Ka ji injiniya.)

Ranar biki, filin wata makarantar firamare a Mayo Gwoi ya cika maƙil. Damina ce amma sama ta yi mana kara, rana ta fito tas. Na ci farar kwat ta aro, gumi na zuba, ni kuwa ji nake babu kamata a garin. Aka fara rabon shinkafa da miyar Mama, ƙamshi ya game wuri, kowa ya sunkuya a kan farantinsa. Na ɗaga wa mai ganga gira, ya sassauta hannu, na sauko.

Kai, farkon abin ya yi daɗi! Ina tafe ina kaɗawa, waya tana warwarewa a bayana, mata suna guɗa, yara suna bina. Na hango Rifkatu cikin ƙawayen amarya ta rufe baki tana murmushi. Na isa gaban Mama na zube gwiwa biyu, na murɗa sauti har ƙarshe, na ɗan tsaya don wuri ya yi tsit kafin in fara waƙar.

Wuri ya yi tsit kuwa. Sai wata murya ta namiji, a natse, ta fito daga manyan lasifikokinmu:

"...saboda haka jama'a, a wannan lokaci na damina a guji cin abinci barkatai, musamman a wuraren taro da bukukuwa."

Kowa ya juya ya kalli mai gabatarwa. Shi kuwa bawan Allah bakinsa cike da shinkafa, ya ɗaga makirfo sama don a ga a kashe take. Muryar ba ta fasa ba:

"Alamomin farko su ne murɗawar ciki, sai amai, sai gudawa kamar ruwan shinkafa."

Na ga cokula sun tsaya a iska. Wani dattijo ya ajiye farantinsa a hankali ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa. Wata mata ta fizge ƙashi daga bakin ɗanta. Ni ma waige-waige nake ina neman ɗan iskan da ke ɓata wa Mama suna, har na saki jitar na buɗe hannuwa alamar ba ruwana. Ina sakin tsirkiya muryar ta ƙara ƙarfi. Na dafe, ta ragu. Na saki, ta dawo. A nan na gane abin da ke faruwa. Doguwar wayar nan da na shimfiɗa a fili ta zama eriya, Gimbiya ce ke kamo shirin kiwon lafiya na rediyo tana watsa wa 'yan biki. Kuma duk wanda ke kusa ya ga abin da na gani.

"Daga katakon shi ne!" in ji wani yaro da ƙarfi.

Na tashi da gudu zan je in cire wayar, ta harɗe ni na kifa a kan ciyawa da farar kwat ɗin mutane. Kafin mai ganga ya kashe na'ura, mutumin rediyo ya gama koya mana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Mama ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Kai mai kiɗa, zo nan." Ta sa aka jawo benci tsakiyar fili, aka dire mini tire shaƙe da shinkafa. "Katakonka ya ce abincina yana da cuta. Ci, mutane su gani."

Na ce, "Mama, wallahi ba ni ba ne, rediyo..."

"Ci."

Na ci. Na cinye aka ƙaro. Ina ci ina ɗaga babban yatsa ina cewa "Kai, Mama, daɗi!" barkono yana fitar mini da hawaye da majina. Jama'a suka fashe da dariya, dattijon nan ya jawo farantinsa daga ƙarƙashin benci, biki ya dawo hayyacinsa. Sai da aka ƙaro na uku Rifkatu ta zo ta raɗa wa Mama wani abu a kunne, aka sallame ni ina tafiya kamar mai cikin wata tara.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai bayan shekaru shi ne, washegari cikina ya ɓaci. Ba laifin abincin ba ne, cin hauka ne da barkono. Amma ina na isa in je kemis a garin da kowa ya san abin da ya faru? Da labari ya fita, kasuwar Mama ta mutu, ni ma tawa ta ƙare. Na kulle ɗaki na haɗa ruwan gishiri da sukari yadda jitata ta koya mini, da yamma na lallaɓa na je gaishe da Mama ina murmushi.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ka rame." Karon farko ke nan da ta amsa gaisuwata ba ta bango ba. Ta juya ta ƙwala kira: "Rifkatu, kawo wa mijinki abinci, akwai sauran na jiya."

Na cinye shi tas. Tun daga ranar na koyi abu biyu: ba a yi wa wayar jita ƙari da wayar fitila, kuma duk wanda zai roƙi surukarsa da kiɗa, ya tabbata cikinsa ya fi jitarsa ƙwari.