Akwatin Shanya a Gindin Darbejiya

Da malaman jami'a suka kawo wa ƙungiyarmu ta masu shanya tumatir a Badarawa wani akwati mai rufin gilashi, ni aka damƙa wa, don ni ne shugaba. Malamar da ta jagorance su ta fara bayani, na katse ta: "Malama, da furfurar nan za a koya mini shanya?"

Suna tafiya, na dubi akwatin, kayan mutane, yashe a tsakar rana, tausayi ya kama ni. Ko babur ɗina ba na yi masa haka. Na zuba tumatir a ciki, na ja shi gindin darbejiya, na lulluɓe da tamfol.

Da Malama ta dawo, wari ne ya tarbe ta.

"Baba, mi ya kawo shi inuwa?"

"Kar rana ta lalata muku shi," na amsa ina jiran yabo.

Sai da ta tsuguna don dariya. Ashe da zafin rana yake aiki.

Yau busasshen tumatirinmu jawur, ba yashi, rububinsa ake yi a kasuwar Shinkafi. Ni kuwa ko masallaci na nufa da azahar, sai wani ya ɗaga murya: "Shugaba, rana na dukanka, a kawo tamfol?"