Rasuwar Dattijo, Kundin Kwalayen Fim na Shagon Malam Jalo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Jalo Sha'aban, mai tura fina-finai a waya a layin bayan tasha cikin garin Azare, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan cinikinsa na Katagum da Gadau da Shira rasuwar kundinsa na kwalayen fim, wanda kowa ya sani da suna Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan kantar shago, yana da shekara ashirin da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saboda yaran yanzu, kwali shi ne takardar nan mai hoto da ake saka wa kaset ko faifan fim a jiki, a san abin da ke ciki. An haifi marigayin shekarar da Malam Jalo ya yi aure ya buɗe shagon hayar kaset. Duk fim ɗin da ya shigo shagon, sai ya ware kwalinsa ɗaya ya zura a farar leda, har suka taru, wani baduku ya ɗinke su ya yi musu bango da jar fata. Tun ana ɗaukarsa da hannu ɗaya har ya zama sai an rungume shi. Wanda ya taɓa zama a bencin shagon ba zai manta muryarsa ba. Idan ana buɗa shi yakan ce ƙaras, ƙaras, idan an rufe shi ya ce tim, kamar babban mutum ya gama magana.

Marigayin ya san girman mutane. A kowane shafi fuskar jarumi ce babba a tsakiya, jaruma na gefe tana kallon nesa da hawaye a kumatu, mugu kuwa yana can lungun sama an rina shi da ja. Sunan fim wani da ruwan zinariya, wani haruffansa na ɗiga kamar jini. A baya akwai ƙananan hotuna huɗu, ba a taɓa nuna ƙarshen labari a cikinsu ba. Na Indiya na dā da hannu aka zana su, har ana ganin sawun buroshi a gashin mace. Ba za a ɓoye ba, Dattijo yakan ɗan yi ƙari. Akwai shafin da mota ke ci da wuta, alhali ko keke babu a fim ɗin. An yafe masa.

Wajen ɗari biyu daga cikin kwalayen Malam Jalo ne ya haɗa da hannunsa, na fina-finan da suka zo tsirara, babu kwali. Sai ya tsayar da fim a talabijin, ya ɗauki hoton fuskokin, ya yanka da reza, ya manna da gam, ya kai wa Kolade mai buga takardu a bakin kasuwa. Babu kwafinsu a ko'ina cikin duniya.

Da kaset ya mutu, faifai ya bi shi, Dattijo bai mutu ba. Wani mai suna Gali ya zo daga Kano ya juye fina-finan shagon gaba ɗaya cikin kwamfuta, dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai. Malam Jalo ya hana shi rubuta musu suna, ya ce lamba kawai za a sa, domin ko ɓarawo ya sace kwamfutar kada ya san wanne ne wanne. Shi kuma ya bi bayan kowane kwali ya rubuta lambarsa da jan biro. Ya daɗe yana yaba wa kansa wannan dabara.

Da haka shagon ya rayu. Samari masu sababbin kwamfutoci sun cika layin, sun fi shi sauri, sun fi shi sababbin fina-finai. Abu ɗaya ne ba su da shi. Tsofaffi da matan ƙauye ba sa riƙe sunan fim, hoton suke riƙewa. Ranar kasuwa sai su zauna su ɗora Dattijo a cinya, suna buɗawa suna tuna zamaninsu, har yatsa ya tsaya a kan wata fuska. A juya kwali, a ga lamba, a tura a waya. Ya Fanna mai turaren wuta, wadda ta fi kowa daɗewa tana zuwa, takan ce, "Ɗan nan, ni ba wurinka na zo ba, miƙo min tsohon."

Daga wannan ciniki ake cefane a gidan Malam Jalo, daga shi 'ya'yansa mata biyu, Khaulat da Fatimatuzzahra, suke zuwa makaranta a Azare. Yayansa Saleh, manomi a Katagum, ya sha faɗa masa cewa wannan sana'a ta ƙare. Bara ya zaunar da shi ya ce, "Jalo, ranar da shagon nan ya kasa ciyar da ku, ka kawo min yaran nan in riƙe. Ba zan zuba ido su yi yunwa saboda hotuna ba." Malam Jalo ya ce to, domin ba a yi wa yaya musu, kuma yana ganin muddin Dattijo na kan kanta, ranar ba za ta zo ba. Sai dai tun daga lokacin bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ko hadari ya gani a gabas sai ya bar abinci ya tafi duba rufin shago.

Ga yadda ciwon ajali ya faro, kuma mai sanarwa ba zai ɗora wa kowa ba. Ana gobe za su tafi Katagum bikin suna su yi kwana biyar, ya ga gara ta ja hanya a bangon bayan kanta, taku biyu tsakaninta da marigayin. Hankalinsa ya tashi. Ya yi abin da ya ga ana yi wa azara da tabarma tun yana yaro. Ya sayo kalanzir ya zuba a gindin bango. Da ya tsaya nan, da yau ba a rubuta wannan takarda ba. Amma zuciyarsa ta ce masa kwana biyar da yawa, gara kuma ba ta hutu. Sai ya jiƙa tsumma, ya bi ledojin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa ta ciki, gaba da baya, tun azahar har aka kira magariba. Ya naɗe Dattijo a baƙar leda biyu, ya ɗora shi can sama dab da kwanon rufi, inda zafin rana ke sauka. Ya kulle shago yana jin ya yi abin da uba nagari zai yi.

Gara ba ta taɓa ko shafi ɗaya ba.

Da ya dawo ya kwance ledar, Dattijo bai ce ƙaras ba. Shafukan sun manne, sun yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Ya ɓamɓare na farko, ya ga jarumi da mugu sun narke cikin juna, ba a gane ido ba a gane baki. Ruwan zinariya ya koma ƙasa-ƙasa. Ya juya baya da sauri. Jan biron ya bazu ya zama tabo, babu lamba ko ɗaya da ke karantuwa.

An yi jinya bakin gwargwado. An shanya shi a rana, takardun suka kanannaɗe. Mai ɗakinsa Zainabu ta barbaɗa toka don ta tsotse kalanzirin, tokar ta tafi da sauran launin. An kai shi wurin Kolade, ya ɗaga shafi ɗaya ya duba a haske, ya ajiye a hankali ya ce, "Malam Jalo, injina ba ya dawo da abin da babu. Sai haƙuri."

Ranar Talatar da aka ambata, Ya Fanna ta zo neman fim ɗin da matar ke sanye da koren gyale tana riƙe da fitila a bakin rijiya. Malam Jalo ya san kwalin, shi ya yanka shi da reza. Lambar ce bai sani ba. Ya buɗe fim arba'in da ɗaya a gabanta, wasu ma kaset ya cinye farkonsu tun kafin a juye, ko suna babu. Ta gaji ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce, "Bari, ɗan nan, kada ka wahalar da kanka. Allah Ya ba ka dangana." Ya leƙa ya ga ta wuce shagunan samarin ba ta ko kalle su ba, ta nufi tasha. A wannan sa'a aka tabbatar da rasuwar.

Marigayin ya bar kwamfuta ɗaya cike da marayu marasa suna. Ya bar benci da reza da rabin kwalbar gam. Ya bar kwali goma sha bakwai da suka tsira domin magariba ta yi kafin tsumma ya kai kansu. Ya bar Malam Jalo, mai shekara arba'in da takwas, wanda bai iya wata sana'a ba, da Zainabu, da yara biyu, babbar tana ajin ƙarshe na firamare, malamanta suna cewa tana da kai. Tun ranar Talata zuwa yau mutum uku ne suka zauna a bencin, dukkansu gaisuwa ta kawo su.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a filin bayan shago. Ba za a yi masa salla ba, domin takarda ne, mai sanarwa ya san wannan. Ba za a ƙone shi ba, ko da yake ashana ɗaya ta ishe shi. Za a sa shi a buhu a haƙa rami mai zurfi, an cire bangon fatar an ba Zainabu ta adana. Ana roƙon masu shan taba su tsaya nesa.

Zaman karɓar gaisuwa kwana biyu ne kawai, Alhamis da Juma'a, a shago, domin ranar Asabar da safe Yaya Saleh zai iso da mota daga Katagum. Mata za su iya wucewa gida wurin Zainabu. Sai dai Malam Jalo yana roƙon duk wadda ta shiga, don girman Allah, ta yi gaisuwarta ta fito, kada ta ambaci Asabar a gaban yaran. An wanke kayansu an ninke, amma har yanzu bai samu bakin faɗa musu ba.