Dodannin Mashigi da Taliyar Surukata

Ranar Lahadi na hau jirgin fito daga birnin Messina da furanni a hannu, zan ƙetare mashigin teku neman auren Graziella. Kun san ƙa'idarmu: ba a zuba taliya a tukunya sai baƙo ya kusa ƙofa. Da na hango gaɓa, lasifika ta ce yanzu za mu sauka, sai na kira mahaifiyarta.

"Mama, ku zuba, ga ni nan!"

Ina kashe waya jirgi ya juya. Ashe manyan gwamnatinmu, Masu Girma Iyayen Ci-gaba, suna benen jirgin, za su buɗe mutum-mutumin Sikila, dodanniya mai kai shida da Girkawan dā suka ce tana tsare bakin mashigin nan. Aka nufi dutsenta da mu, har da wata mai naƙuda a ɗaya daga cikin motocin da jirgin ya ɗauko.

Kawu Tanu maƙwabcina, tsohon masunci, ya ga ina share hawaye.

"Kai mai waƙoƙin soyayya, wa ya mutu?"

"Taliya, Kawu. Na ce su zuba."

Ya cire hula. "Allah ya jiƙanka, ɗana."

Na karanta labarin dodannin nan tun ina ƙarami, yau kuma ina neman afuwarsu. Sikila matuƙan jirgi shida kawai take ɗauka, ta bar jirgi ya wuce. Karibdis, dodanniyar da ke haɗiye teku a ɗaya gefen, takan amayo abin da ta haɗiye. Wa ya taɓa ganin namu dodannin na bene sun amayo ko cokali? Sai jawabi. Wani mai tumbi ya rantse wannan gunki zai kawo ƙarshen wahalar matafiya. Muka tafa ko a sallame mu, don rana ta gasa mu.

Da na isa, taliya ta zama kunu. Graziella, hasken idona, ta ƙi kallona. Mahaifinta, Don Cosimo, ya ɗaga cokali mai yatsu, abin ya zube.

"Wa ya ce maka kun iso?"

"Lasifika, Baba. Sanarwar manya ce."

"Ka kuma yarda?" Ya ture faranti. "Matata ta yafe taliya. Ni dai ba na ba da 'yata ga wanda aka haifa a nan, ya girma a nan, har yau yana gaskata manya."

Ranku ya daɗe, Iyayen Ci-gaba, gunkinku ya yi kyau. Sai dai maƙerin ya yi rowar baki: shida kacal, alhali naku sun fi haka.