Ranar Da Na Tare Tseren Keke Da Ƙwaryar Fura

Ko zan manta komai na zaman da na yi a ƙauyen nan na bakin kwalta, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka fara tseren keken yara ba. Shekaru sun ja, amma idan na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni 'yar Gummi ce, aure ne ya kai ni wani ɗan ƙauye tsakanin Bukkuyum da Anka. Ba nisan duniya ba ne, amma ga macen da ba ta fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili, da nan da Makka duk ɗaya. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai da an ɗaure gero yake rataya jakarsa ya yi kudu ci-rani. Sai ya bar ni da 'yata Shafa, wadda ko zama ba ta iya ba a lokacin, da wata gwaggonsa da ba ta ji sosai. Hira da Gwaggo sai ka ɗaga murya har maƙwabta su san abin da ke ranka, don haka na haƙura. Tun da na dawo daga wankan jego ko mutum ɗaya daga gidanmu bai taka ƙofata ba. Inna ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sauran kuma kowa da abin da ya dame shi.

Akwai maƙwabciyata Kulu, danga ɗaya ta raba mu. Ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba ya hutawa. Tana daka tana leƙowa.

"Ke 'yar Gummi, wai ku gidanku ba a zumunta na? Ko daga sama kinka hwaɗo?"

Sai in yi dariya, in shige ɗaki in yi ta gyara kwanukan da na riga na gyara.

Wata rana wata mai daddawa da ke bin kasuwanni ta shigo da labari. Wai malaman wasanni sun haɗa tseren keke na samari 'yan makaranta, zango-zango: ranar farko daga Gummi zuwa Bukkuyum, su kwana can, washegari su kama hanyar Anka. Hanyar Anka kuwa ta ƙofar gidanmu ta bi. Wanda ya yi fice, in ji ta, za a tafi da shi Gusau a ci gaba da horar da shi. Tana ɗaure kayanta ta ƙara da cewa, "Af, har da ƙanenki Bello a ciki. An ce ba mai kamo shi."

Bello! Yaron da na goya har bayana ya yi kanta. Ina kallo ya koyi keken Baba, yana zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda bai kai sirdi ba. Ban jira ta fita ba na leƙa danga na ce, "Kulu, ara mini sabuwar tabarmarki. Baƙo za ni yi daga gida." Na faɗi "daga gida" ɗin nan da ƙarfi, har Gwaggo sai da ta waiwayo.

(Kada ku ce ban san mene ne tsere ba. Na sani sarai: wanda ya riga isa shi ya ci. Amma a hankalina tsere daban, zumunci daban. Ban taɓa jin inda mutum ya zo ƙofar yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya ya wuce bai sha ruwa ba. Na ɗauka su ma masu tseren sun san da haka, za su ɗan dakata masa.)

Na sa aka yanka mini kazata guda, wadda nake ji da ita. Na tare 'yar Fulani tun daga bakin hanya na zaɓi kindirmo mai kauri. Na yi kitso, na sa wa Shafa kwalli har ta koma kamar mujiya. Ina dama fura ina jera tambayoyi a raina: ƙafar Inna, ko ƙawata Hassi ta haihu, ko an gyara katangar da ruwa ya ci, wa ke kwana a ɗakina yanzu. Kuma ina son ya ga Shafa da kyau, ya je ya ba Inna labarin yadda ta yi ƙiba.

Ranar da za su bi ta ƙauyenmu, da hantsi gari ya fito. Maza sun jeru a gefen kwalta, yara sun hau bishiya, matan aure kuma kowace ta samu kafa a dangarta ta manna ido. Nan ya kamata in tsaya ni ma. Amma na ce wa kaina, ta yaya Bello zai gane gidan? Bai taɓa zuwa ba. Sai na goya Shafa, na ja mayafi, na ɗauki ƙwaryar fura rufe da faifai, da ludayi, na fita. Ban taɓa tsayawa cikin maza haka ba. Na samu wuri a bakin kwalta na tsaya, ƙwarya a hannu.

Wani babur ya fara wucewa, na bayansa yana busa usur yana kora mutane da hannu. Can sai ga keke ɗaya tilo ya ɓullo daga kwana. Mahayin ya duƙa har haɓarsa na neman taɓa kan keken, da wata hular kwano da ta yi masa yawa, da lamba a ƙirji. Ban ga fuskarsa ba, amma na san yadda Bello ke karkata kafaɗar hagu. Bayansa fayau, ba kowa. Mutane suka ɗau ihu.

Abin da na lura da shi shi ne ba ya rage gudu. Ko duban gidaje ba ya yi. Zuciyata ta ce, bai gan ki ba, zai wuce, kuma Kulu tana kallo.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar kwalta ba.

"Yaya! Kauce! Yaya, kauce!"

Ina na kauce. Ya ja birki, tayar baya ta yi ƙara ta goce, ya dire ƙafa ɗaya dab da yatsuna. Ni kuwa da hannun da ba ƙwarya na damƙe kan keken, kamar mai riƙe akuya a kasuwa.

"Bello, sannu da hanya. Ina Inna? Yaya ƙafar?"

"Yaya, don Allah, don Annabi, saki! Tsere mukai!"

"Na sani. Kurɓi ko ludayi ɗaya. Dubi yadda ka rame."

Gumi na zuba daga haɓarsa, numfashinsa kamar zuga-zugi. Kuma ga abin da har yau ke ci mini rai: bai fizge ba. Da ya so, da fizga ɗaya ya wuce. Amma tarbiyyar Inna ce, ba a fizge wa babba. Har ɗan rusunawa ya yi a kan keken, yana waiwaye, idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma (Allah Ya shirye ni) sai na juya masa baya na ce, "Ga Shafa. Gaishe da kawunki, Shafa."

Juyawar nan ce ta sa ban ga sauran ba. Ji kawai na yi, kamar garken tsuntsaye ya taso. Suka rabu biyu, wasu ta damana wasu ta haguna, iska tana kaɗa mayafina, kowa na ihu. Na rufe ido na ƙanƙame. Gwiwar hannun wani ta daki ƙwaryar, ta yi sama, ta juyo. Ban taɓa sanin na dama fura da yawa haka ba sai da ta sauko. Kitsona, fuskata, wuyana, har cikin goyo. Shafa ta tsala kuka. Ludayin ya yi ta gangarawa a kan kwalta shi kaɗai.

Da na share ido, Bello ya riga ya yi nisa, a tsaye kan feda, yana bin bayan waɗanda ɗazu ko ƙurarsa ba su hango ba.

Malaminsu ya tsaya a kan babur, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Baiwar Allah, mi anka yi miki? Kin san abin da kinka yi ma yaron ga?"

Na buɗe baki, gari duka yana saurare, na ce, "Ƙanena ne."

Wani tsoho ya fara dariya, sai kowa ya kama. Daga kafar danga na ji muryar Kulu: "To, mun gani! Wallahi tana da dangi!" Na duƙa na tsinci ƙwaryata da ta tsage, na bi ta tsakiyar maza ina ɗigar nono, ƙudaje sun riga sun samu labari.

Duk da haka ban nannaɗe tabarmar ba. Na ce idan sun gama a Anka zai biyo, ko don ya yi mini faɗa. Da la'asar motar a-kori-kura ta wuce da su za ta mai da su Gummi, kekuna a ɗaure, yara a zaune a kansu. Suna isowa saitin gidanmu suka fara nuni suna shewa. Bello yana can ƙarshe, ya juya fuskarsa wajen gonaki. Daga baya na ji cewa wani yaro daban aka kai Gusau.

Ni da Gwaggo muka zauna gaban kazar. Ta tsotse ƙashi ta ɗaga murya ta ce, "Baƙon naki ya tahi? Ban ko gan shi ba." Na ce ya tafi, sauri yake yi.

Tseren ya ɗore, duk shekara bayan kaka. Kekuna suka ƙaru, har daga wasu garuruwa ake zuwa, kafin sana'ar kabu-kabu ta janye samarin ɗaya bayan ɗaya abin ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki. Amma tun daga shekara ta biyu aka fito da sabon tsari: a kowane ƙauye sai an ja igiya a gefen hanya. A namu har da ƙarin wani ƙato da sanda, kuma ba a ko'ina yake tsayawa ba sai a ƙofar gidanmu. Yana ganina ya ce, "Uwar Shafa, yau dai a sha hura a gida."

A shekarar ta biyun Bello ya sake hawa, ita ce ta ƙarshe kafin shekarunsa su wuce na yara. Wata da watanni ba saƙo tsakaninmu, ban san ko yana fushi ba. Na tsaya a bayan danga, hannuna ba komai, ido a kafa. Suka taho a dunƙule, yana tsakiya, ba yadda za a yi ya gan ni. Amma daidai ƙofarmu ya ɗaga kai ya kwarma wa dangar ihu:

"Yaya! Inna ta taka!"

Shi ke nan, sun wuce. Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, Shafa tana ja mini zani. Kulu ta leƙo, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe ta koma dakanta.

Abin da na koya dai, idan naka zai wuce da gudu, kada ka yanka kaza. Tsaya gefe ka buɗe kunne, abin da ya samu jefowa ka cafe. Ku kuma masu maƙwabciyar da ke kewar gida, ku riƙa leƙa ta. Keke ne ya zo a ranar, amma yadda nake ji, ko tirela ce da na tare ta.