Yadda Za Ka Bar Cin Nama Ba Tare Da Ka Bari Ba

Zauna, ɗana, kada ka ji kunya. Yarinyar da kake nema ta ce ba ta cin nama, bakinka ya riga hankalinka, ka ce kai ma haka. Yanzu ga shi an gayyace ka cin abinci gidansu, kuma daga teburin nan iyayenta za su yanke hukunci a kanka. Bi matakan nan a hankali. Na yi maka alkawari za ka fito da mutuncinka, ko dai mafi yawansa.

1. Fara sanin ajin da ka shiga

Aji biyu ne, kuma ba sa son a haɗa su. 'Yan aji ɗaya nama da kifi kawai suka bari. Suna shan madara, su soya ƙwai, su shafa man shanu a burodi, su kwana lafiya. 'Yan aji biyu kuwa sun sallami dabba gaba ɗaya: ba ƙwai, ba madara, ba zuma, ko takalmin fata ba sa sakawa.

Ɗan ƙanwata, wanda muke kira Dogo, bai tsaya ya bambance ba. Ma'aikaciyar jinyar da yake nema 'yar aji biyu ce, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, shi kuwa idonta yake kallo. Da ta gama, ya ce ai shi tun yana goye rabonsa da nama.

2. Yi hattara da tsaraba

Dogo ya je da kiret ɗin ƙwai da kwalbar zuma, a ganinsa ai ba a zubar da jini ba. Mahaifiyarta ta karɓa hannu biyu, ta sa masa albarka, ta miƙa wa mai gadi a gabansa.

Kai ka sayi ayaba. Ba a taɓa jin uwar ayaba ta kai ƙara ba.

3. Dubi ƙugunka

Takalmi za ka cire a bakin ƙofa, wannan ba matsala. Bel ɗin fa? A wurin 'yan aji biyu, saniyar da ke ƙugunka da wadda ke faranti duk ɗaya ce. Dogo ya wuni yana jan riga ƙasa kamar mai ciwon mara.

4. Yaba abinci, amma kada ka kwatanta

Ka ce ya yi daɗi, ka yi shiru. Dogo ya ɗanɗana soyayyen waken suya, daɗi ya kwashe shi, ya rantse sak hantar rago.

Yarinyar ta ajiye cokali. "A goye ka san ɗanɗanon hantar?"



5. Nemi mai shiru a gidan

Kowane irin wannan gida yana da mutum ɗaya da ba ya ƙorafi kuma ba ya ramewa. Kula da shi. A nan mahaifinta ne. Ya yi gyaran murya, ya ce motarsa tana wata ƙara, ko yaron zai zo ya saurara.

Dogo ya bi shi, ya tabbata sallama ce. Tsohon ya wuce injin, ya buɗe but, ya zaro gasasshen nama a ƙunshin takarda daga ƙarƙashin tayar safaya.

"Ci, ɗana, amma kada ka goga hannu a riga. Can ake kama mu."

Suna tsaka da ci taga ta buɗe. Uwargidan ta ce in makanikan sun gama, ga sabulu nan bakin famfo, kada a taɓa mata kujeru da maiƙo. Daga bayanta yarinyar ta ce wanda zai yi ƙarya a kan abinci sai ya fara wanke ƙaurin hayaƙin tsire daga hularsa, ita tun ranar farko ta ji. Sharaɗinta biyu: kada nama ya shiga tukunyarta, kada kuma ya sake ce mata tun yana goye.

An yi auren. Motar nan ba ta taɓa lalacewa ba, amma har yau duk ƙarshen mako suruki da suruki suna duba ta.

Jan kunne

Ni malami ne, darasi kawai na bayar. In naka surukin da gaske ganye yake ci, in an ji ƙaurin, in an maido maka da ƙwanka, ba ruwana, ban san ka ba. In kuma ka hange ni kusa da but ɗin nan, birki aka kira ni in duba.